ZAƁEN CIKE GURBI A TSAKIYAR DAMINA: ABIN DA NA GANI A BAGWAI DA SHANONO

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Duk lokacin da aka ambaci zaɓe a ƙasar nan, hankalin jama'a yakan tafi ne kan kujerar shugaban ƙasa ko ta gwamna, domin su ne ake cika gidajen rediyo da jaridu da labarinsu. Amma akwai wani zaɓe da ba kasafai ake jin ɗuriyarsa ba sai a yankin da abin ya shafa, wato zaɓen cike gurbi na ɗan majalisar dokokin jiha. Shi irin wannan zaɓe yana tasowa ne idan kujera ta zama babu kowa a kanta kafin wa'adi ya cika, ko dai saboda rasuwa, ko murabus, ko kuma kiranye daga jama'ar mazaɓa. A wannan ɗan rubutu ina so in ba mai karatu labarin irin wannan zaɓe da aka yi a yankinmu, mazaɓar Bagwai da Shanono ta Jihar Kano, a ranar Asabar 16 ga Agusta, 2025, tare da abin da na gani da idona da kuma tunanin da ya bar ni da shi.

Yadda Kujerar ta Zama Babu Kowa

Bagwai da Shanono ƙananan hukumomi ne biyu da ke arewa maso yammacin Kano, kuma kujera ɗaya suke da ita a cikin kujeru 40 na majalisar dokokin jihar. Yanki ne na manoma da makiyaya. A Bagwai ne madatsar ruwa ta Watari take, inda ake noman rani na shinkafa da tumatir da albasa, ita kuwa Shanono tana iyaka da Jihar Katsina. Ƙidayar 2006 ta nuna mutanen ƙananan hukumomin biyu sun kai kimanin 300,000.

A watan Afrilun 2024 Allah ya yi wa ɗan majalisar da ke wakiltar mazaɓar, Alhaji Halilu Ibrahim Kundila na jam'iyyar APC, rasuwa. Allah ya jiƙansa. Sashe na 116 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi cewa idan gurbi ya samu a majalisar jiha, a cike shi cikin wata guda. Amma wata guda ya wuce, damina ta zo ta tafi, aka yi kaka, aka yi rani, wata daminar ta sake kankama, sannan aka sa ranar zaɓe. Wato dai kimanin wata 16 muka yi babu mai magana da yawunmu a zauren majalisa. Hukumar zaɓe ta ƙasa, INEC, ta sha kokawa cewa irin waɗannan zaɓuka suna faɗo mata ne ba shiri, kuma ba sa cikin kasafin kuɗinta, shi ya sa ta tara su ta yi su rana ɗaya a mazaɓu 16 cikin jihohi 12. Biyu na sanatoci ne, biyar na majalisar wakilai, tara kuma na majalisun jihohi. A Kano an haɗa da sake zaɓe a wasu rumfunan mazaɓar Ghari da Tsanyawa, wanda shi kotu ce ta ba da umarninsa.

Wani zai ce to mene ne a ciki, tun da gwamna yana nan, shugaban ƙaramar hukuma ma yana nan? Ni ma na sha jin wannan tambaya daga bakin abokan karatuna. Amsar ita ce, a cikin waɗannan watanni ne aka gabatar da kasafin kuɗin jiha na 2025, aka tattauna shi, aka amince da shi. A lokacin kasafi kuwa kowane ɗan majalisa yakan bi kwamitoci yana faɗi-tashin ganin an sa hanyar garinsu, ko asibitin mazaɓarsa, ko makarantar da rufinta ya yaye. Wanda ba shi da wakili a wannan lokaci, sai dai ya jira abin da wasu suka tuna da shi don Allah.

Kujerar da Ake Rainawa

Da yawa daga cikinmu muna ɗaukar ɗan majalisar jiha tamkar wani babban kansila ne kawai, wanda aikinsa bai wuce halartar suna da ɗaurin aure da biyan kuɗin magani ba. Alhali kuwa tsarin mulki ya ba majalisar jiha iko mai nauyi. Gwamna ba shi da hurumin taɓa kuɗin jiha sai da amincewarta. Ita ke tantance kwamishinoni kafin a rantsar da su. Tana da ikon kiran kowane jami'in gwamnati ya yi bayanin yadda ya kashe kuɗin jama'a. Ita ke yin dokokin da ƙananan hukumomi ke gudana a kansu. Ko gyaran tsarin mulkin ƙasa ba ya tabbata sai majalisun jihohi 24 cikin 36 sun sa hannu. Hasali ma tana iya tsige gwamna sukutum, kamar yadda majalisar tsohuwar Jihar Kaduna ta tsige Alhaji Balarabe Musa a 1981, da yadda aka tsige Rashidi Ladoja a Jihar Oyo a 2006, kafin kotu ta mayar da shi.

Bayan wannan, a duk masu yin doka babu wanda ya fi ɗan majalisar jiha kusa da mutumin karkara. Sanata yana wakiltar ƙananan hukumomi da yawa, talaka na iya shekara huɗu bai sa shi a ido ba. Shi kuwa wannan, an san gidansu, an san mahaifinsa, an san masallacin da yake Juma'a idan ya zo gida. Idan ambaliya ta ci gonaki, ko gada ta karye, shi ne mutum na farko da za a aika wa. To ka ga ashe rainin da ake yi wa wannan kujera, kanmu muke yi wa.

Makon Zaɓe a Ƙauyenmu

Zaɓen ya zo daidai da lokacin da nake gida hutu, don haka duk abin da ya gudana a ƙauyenmu a kan idona aka yi. Duk wanda ya tashi a karkara ya san mene ne watan Agusta. Lokacin marka ne, ruwa ba dare ba rana. Hatsin bara ya ƙare a yawancin rumbuna, na bana kuwa bai nuna ba, gero ya fara fitar da kai amma ba a kai ga tumu ba tukuna. Lokacin ne maigida ke sayar da akuya don ya sayi taki ko ya auno masara, lokacin ne kuma zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. A cikin wannan hali ne 'yan siyasa suka sauka.

Ƙauyen da mota ba ta cika shigarsa da damina ba saboda wani kwari da ruwa ke cinyewa, sai ga shi manyan motoci masu baƙin gilashi suna ratsa taɓo suna shigowa safe da yamma. Mutanen da ba mu taɓa gani ba sai a allon hoto, ga su a ƙofar gidan dagaci sun tsuguna suna kwasar gaisuwa. Dalilin haka ba ɓoyayye ba ne. A babban zaɓe kowane ɗan siyasa yana can yana fama da tasa mazaɓar, ƙarfi a rarrabe yake. A zaɓen cike gurbi kuwa duk jiga-jigan jiha ba su da wani aiki sai wannan, sai su tattaro kuɗinsu da yaransu su juye a kan ƙananan hukumomi biyu. Ga masu mulki, zaɓen gwaji ne na nuna cewa har yanzu jama'a na tare da su. Ga 'yan adawa kuma, dama ce ta nuna cewa guguwar sauyi ta taso kafin 2027. Ita kanta mazaɓar da matsalolinta, sai ta koma kamar filin da aka ara don a yi dambe.

Na zauna a taruka uku na ɓangarori daban-daban a dandalin ƙauyenmu. An yi kiɗa, an yi kirari, an zagi na zagi, an yabi na yabo. Abin da na lura da shi shi ne, an fi kiran sunayen iyayen gidan siyasa na Kano da Abuja a kan sunayen 'yan takarar kansu, kuma a duk tarukan ban ji wanda ya ambaci kwarin nan da ke raba mu da asibiti ba, duk da cewa a cikinsa motocinsu suka kafe kafin su iso.

Da na je gaishe da kawuna, wanda manomi ne da ya haura shekara sittin, na tarar da shi yana gyaran fartanya. Na ce, "Kawu, ranar Asabar dai za a fita ko?" Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, wata goma sha shida babu kowa a kujerar nan, ka ga an fasa ruwan sama? Ni ciyawa ta ci mini gyaɗa, idan na bar ta ranar Asabar, wanda aka zaɓa ne zai zo ya cire mini?" Na ce, "Kawu, ai ko don hanyar nan a fita." Ya yi murmushi ya ce, "Tun kana goye ake yi mana alkawarin hanyar nan."

Maganar ta tsaya mini a rai, domin Kawu ba jahilin siyasa ba ne. Shi ne ya ba ni labarin yadda iyayensu suka sha ɗauri a zamanin NEPU saboda bin Malam Aminu Kano, da yadda suka yi tururuwa suka zaɓi PRP a 1979, Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. A lokacin, in ji shi, talaka ya ga abin da ƙuri'arsa ta haifa a cikin aljihunsa. Mutumin da ya ga wancan zamani, yau shi ne ke ganin cire ciyawa ya fi masa jefa ƙuri'a amfani. Wannan ba ƙaramar asara ba ce, kuma ba laifinsa ba ne.

Daren Jajibere

Abin da ya fi tayar mini da hankali ya faru ne a cikin gidanmu. Ina da ƙane ɗan shekara goma sha tara, ya gama sakandare bai sami ci gaba ba, yana ɗan taɓa acaɓa da babur ɗin wani. Ana jibi zaɓe wasu samari suka zo suka same shi, suka ce ana neman matasa masu jini a jika da za su "kare ƙuri'a" a wani gari da ke gaba da mu, za a ba kowa kuɗin da ya fi abin da yake samu a mako guda, ga abinci, ga mota. Ba su ce a riƙo makami ba, amma sun ce kowa ya zo da abin kare kansa.

Da daren Juma'a yana shirin fita sai Inna ta tare bakin zaure. Ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi, "Auta, wanda ya aiko a ɗauke ka, ina nasa 'ya'yan?" Ya yi shiru. Ta ce, "Suna makaranta, wasu ma ba sa ƙasar. Idan aka sare ka a garin mutane, shi gobe za a rantsar da shi, ni kuma in zauna karɓar gaisuwa. Idan kuɗi kake so, ga tunkiyata can, ka kai ta kasuwa. Amma ban yafe ka taka ƙofar nan ba yau." Ya daɗe a tsaye, sannan ya koma ɗaki yana gunaguni. Ni kuwa na kwana ina jin ƙarar motoci suna wucewa a kan hanya har asuba.

Washegari da yamma labari ya bazu a rediyo cewa rundunar 'yan sandan Jihar Kano ta kama sama da mutum 280 da ake zargi 'yan daba ne a yankunan da aka yi zaɓen, wasu da makamai. Da Auta ya ji, bai ce komai ba, sai dai na ga ya tashi ya je ya ɗebo wa Inna ruwa ba tare da an aike shi ba. Ban san ko waɗanda suka zo nemansa suna cikin waɗanda aka kama ba. Abin da na sani shi ne, kowane ɗaya daga cikin yaran nan ɗan wata ne, kuma da wuya a sami ɗan mai kujera ko guda a cikinsu.

A Rumfar Zaɓe

Rumfarmu a makarantar firamare take, ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya. Malaman zaɓe, waɗanda akasarinsu masu yi wa ƙasa hidima ne, sun iso da kayan aiki a kan babura saboda halin hanya. Mata sun fi maza yawa a layi, da goyonsu da lulluɓinsu, maza da dama kuwa sun yi sammakon gona da niyyar su biyo idan sun taso.

A nan na ga aikin na'urar BVAS da kyau. Ita ce ke tantance mai zaɓe ta hanyar zanen yatsa ko hoton fuska, kuma da ita ake ɗaukar hoton takardar sakamako a aika rumbun hukumar zaɓe na intanet. Tsofaffi da yawa yatsunsu sun ƙi karantuwa saboda kaftu ya cinye zanen, sai an koma ga fuska sannan ta amince. Abin sha'awa shi ne, duka waɗannan dabaru biyu a irin wannan ƙaramin zaɓe aka fara gwada su. Rumbun duba sakamako na IReV an fara amfani da shi ne a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Nasarawa ta Tsakiya a watan Agustan 2020, ita kuma BVAS a na mazaɓar Isoko ta Kudu ta Ɗaya a Jihar Delta a watan Satumban 2021. Ke nan zaɓen da ake rainawa shi ne gonar gwajin manyan zaɓuka.

Na'urar ta rage aringizon ƙuri'u, wannan gaskiya ne, domin yanzu ba dama a rubuta adadin da ya wuce na waɗanda aka tantance. Sai dai da aka toshe wannan ƙofa, sai masu abin suka koma sayen mai ƙuri'ar kansa. A bayan ajujuwa na ga mutane tsaye da jakunkuna, kowane ɓangare da nasa, mace ta fito daga layi a yafuto ta. Taliya ce, sabulu ne, atamfa ce, wani lokaci 'yan kuɗin da ba za su sayi ko kwatan buhun taki ba. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen a ƙarƙashinta, ta haramta bayarwa da karɓa duka, amma a gaban jami'an tsaro ake yi ba mai cewa uffan.

Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da na yi wa maganar a hanyar komawa gida ta ce da ni, "Yaro, kai ka ci ka ƙoshi a makaranta. Ni jikokina huɗu ne a ɗaki, tun jiya rabonsu da tuwo. Wannan taliyar ita ce kaɗai abin da zan taɓa gani daga hannunsu har wani zaɓen." Ban iya ba ta amsa ba. Mu 'yan boko muna da saurin cewa talaka ya sayar da 'yancinsa, amma wanda ya zaɓi watan yunwa ya zo da buhun taliya ya fi kowa sanin abin da yake yi. Duk da haka, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wanda ya biya kuɗi ya hau kujera yana ganin ya riga ya sallami kowa, babu mai bin sa bashin hanya ko asibiti.

Kawu dai ya zo daga baya, da taɓo har gwiwa, ana dab da rufe layi. Da na tambaye shi abin da ya sauya masa ra'ayi, sai ya ce, "Na tuna idan ban zo ba, ba ni da bakin yin ƙorafi gobe."

Sakamako da Abin da ya Biyo Baya

Hukumar zaɓe ta bayyana Dakta Ali Hassan Kiyawa na jam'iyyar NNPP, wadda ke mulkin jihar a lokacin, a matsayin wanda ya yi nasara da ƙuri'a 16,198, shi kuma Ahmad Muhammad Kadamu na APC ya sami 5,347. A Ghari da Tsanyawa kuwa APC ce ta yi nasara. Kowace jam'iyya ta yi kukan an yi mata ba daidai ba a inda ta sha kaye. Idan mai karatu ya haɗa ƙuri'un manyan 'yan takarar biyu na mazaɓarmu zai ga ba su kai 22,000 ba, a yankin da tun 2006 yake da mutum kimanin 300,000. Ko da an cire yara da waɗanda ba su da katin zaɓe, a fili yake cewa 'yan kaɗan ne suka yanke wa masu yawa hukunci. Shi kuma wanda aka zaɓa, abin da ya rage masa na wa'adi bai kai shekara biyu ba, domin majalisar za ta kammala a tsakiyar 2027.

Abubuwa biyu da suka faru bayan zaɓen sun ƙara buɗe mini ido. Na farko, a ƙarshen 2025 'yan bindiga suka riƙa tsallakowa daga iyakar Katsina suna kai hari a ƙauyukan Shanono da Tsanyawa, suna kore shanu suna ɗauke mutane. A irin wannan rana ce al'umma ke gane amfanin samun wanda zai miƙe a zauren majalisa ya ambaci sunan ƙauyensu. Na biyu, a watan Janairun 2026 Gwamna Abba Kabir Yusuf ya bar NNPP ya koma APC. Ba ina nufin yin hukunci a kan wannan mataki ba ne, amma ina tuna samarin da suka yi shirin zubar da jinin juna a watan Agusta saboda waɗannan jam'iyyu biyu. Manya suna da hanyar da za su haɗu su sasanta, yaron da aka yi wa rauni kuwa tabonsa yana nan.

Kammalawa

Ya kai ɗan'uwana ɗalibi, musamman wanda ya fito daga karkara kamar ni, mu ne idon iyayenmu. Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka aikin wayar da kai ba a ranar zaɓe ake fara shi ba. Idan mun je hutu mu zauna da ƙannenmu mu nuna musu cewa babu kujerar da ta kai ransu daraja. Mu taimaki mutanen garinmu su rubuta buƙatunsu guda biyu ko uku a takarda, a miƙa wa duk ɗan takarar da ya zo a gaban dagaci da limami, domin a sami abin tuna masa gobe. Idan kujerar mazaɓarmu ta zama babu kowa, mu san cewa wata guda doka ta ce, mu yi ta tuni ta gidajen rediyo har a ji. Ita kuma hukumar zaɓe da majalisar ƙasa, ya kamata a ware kuɗin irin waɗannan zaɓuka tun cikin kasafi, don kada a sake barin wata al'umma wata 16 ba wakili.

Allah ya ba mu shugabanni masu jin kukan na ƙasa, ya kare mana matasanmu, ya ba manomanmu damina mai albarka, amin.